Mai Baka da Zaren Ƙugu

Yayana ne ya zo da shi daga Libiya, a shekarar da damina ta yi mana rowa, fara kuma ta bi ta lashe ɗan abin da ya tsira. Wani ɗan akwatin wasa ne mai launin toka, bai fi tafin hannu biyu ba, da gilashi a tsakiya da maɓallai a gefe, yana cin pil biyu irin na ƙaramin rediyo. Tsarabar da ya iya kawowa ke nan, sai bargo guda da wani tari da ya daɗe bai rabu da shi ba. Inna ta jujjuya abin a hannunta ta ce, "Ƴaƴan mutane na dawowa da buhun shinkafa, kai ka dawo mana da madubin aljanu." Ni kuwa a lokacin na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, ina zaman gida ina jin haushin kowa, don haka madubin aljanun ya zo mini daidai.

Wasan yaƙi ne a ciki, da Faransanci. Ana ba ka ƴar runduna, masu takobi da masu mashi da masu doki, kana tura su gida-gida kamar dara. Amma ni ƙasar ce ta fara kama ni kafin yaƙin. Kore ce shar, da koguna da gadoji, da dazuzzukan da soja ke shiga ya ɓace. Wani lokaci har ruwan sama ake yi a cikin gilashin. Mu kuwa a unguwarmu ta Birni famfo sai ya ga dama yake tari, jarkoki sun yi layi a bakinsa tun daga lungunmu har gindin duwatsu. Da azahar, in gari ya yi tsit don zafi, nakan shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedin da ke tsakar gida in shiga waccan ƙasar, in manta da cewa maƙogwarona a bushe yake.

Duk sojan da ya yi faɗa ya yi faɗa, wata rana sai ya hau mataki. Kiɗan ya canja, wani allo ya buɗe, a jera maka abin da yake da shi: jini, ƙarfi, sauri, tauri, iya saiti. Wanda ya ƙaru a ciki sai ya yi ƙyalli da wata ƴar ƙara mai daɗi. To tun a farkon wasan akwai tambaya guda da ake yi maka, kuma in ka amsa ba a komawa. Yaya kake so mutanenka su girma? Ko dai da sa'a, wato duk hawan mataki a jefa ƙuri'a, wani ya samu abu biyar, wani ya tashi da hannu rabbana. Ko kuma a ƙayyade, kowa a auna masa abin da aka rubuta masa tun farko, ba daɗi ba ragi. Yaya yana ce wa wannan na biyun "na tiya", don kamar awon hatsi ne, kuma shi ya zaɓa.

Ni na zaɓi na sa'a, ban ko tsaya tunani ba. Ban daɗe ba kuma na gano dabara. In soja ya hau mataki ya samu abin banza, sai in kashe akwatin kafin ya adana, in kunna, in sake yaƙin tun daga farko, a sake jefa ƙuri'ar. Yaya ya kama ni ina yi, ya tsaya a kaina yana tari yana dariya.

"Ke dai ɓarauniya ce. Wannan ai maguɗi ne."

"Wa na cuta? Pil ɗinka kawai nake ci."

"Na tiya ya fi kwanciyar rai. Ka san abin da za ka samu, ka shirya da shi."

"Na tsofaffi ke nan," na ce. "Ina daɗin abin da ka riga ka sani?"

Sai ya ce, "Wanda ya ƙetare sahara sau biyu a bayan mota, ya ƙoshi da sa'a." Ni dai ban canja ra'ayi ba.

A rundunar akwai wata ƴar ƙaramar yarinya mai baka, siririya, jininta kaɗan, ƙarfinta abin dariya. Bugu biyu ake yi mata ta faɗi, kuma a wasan nan wanda ya faɗi ya tafi ke nan. Yaya tun da wuri ya ajiye tasa a benci. Ya ce ya duba, a na tiya ko ta kai ƙarshen wasa ba za ta kamo ƙafar mai doki ba. Ni kuwa don in ba shi haushi na ɗauke ta tawa. Ina ɓoye ta a bayan manya, su raunata abokin gaba, ita ta ƙarasa shi da kibiya ɗaya.

Ana cikin haka taubashiyata ta iso daga wani ƙauye na wajen Gouna. Ƴar wan Inna ce, ta girme ni da kaɗan, tun muna yara in an haɗu sai tsiya, ina ce mata baƙauya tana ce mini ƴar lakwal, wato ƴar boko, mai hannun auduga. Mijinta ya tafi ci-rani Najeriya tun kaka, rumbunsu ya ƙare, sun koma cin ganye da anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci. Ta sauko daga motar Mirriya da ƙunshin kaya a ka da goyo a baya. Da aka kwance goyon sai na manta da tsiyar da na tanada. Yarinyar ta haura shekara amma ba ta ko rarrafe. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, idanunta sun fi fuskarta, kuma ba ta kuka, sai wani ɗan nishi. Inna ta karɓe ta, ta daɗe tana dubanta, ta ce, "Tamowa ce. Gobe a kai ta likita."

Haihuwar farko ce, kuma kowa ya san yadda ake yi da haihuwar farko a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunan, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da ita, balle a gaban gwaggonta. In za ta ba ta nono sai ta juya fuska tana kallon bango, kamar an ba ta ajiyar wani. "Wannan" take ce mata, ko "ƴar mutanen nan". Don haka da aka zo maganar zuwa awo duk mako, sai aikin ya faɗo kaina. Ni ce mai jin Faransanci, ni ce kuma ba ni da aikin yi, kamar yadda Inna ba ta gajiya da tuna mini.

Na saba da hanyar nan. In goya ta da safe, ba nauyi ko kaɗan, wani lokaci sai na kai hannu baya na taɓa don in tabbata tana nan. A harabar likitan, wato asibitin, mata ne birjik, daga Gaffati, daga Mirriya, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowace da nata a cinya. Ana zura yaro cikin wani ɗan wando mai igiya a rataye shi a jikin kilon awo, yana lilo yana ihu, allura tana rawa har ta tsaya. Sannan a naɗa masa wani ɗan madauri a dantse mai launi uku, kore da rawaya da ja. Tamu tana bakin ja. Madam ɗin da ke awon, wata doguwa mai gajiyayyar murya, ta ba mu ƴan ledoji na wani kwaɓin gujiya mai zaƙi da mata ke ce wa biskit, ta ce in ana ba ta yadda ya kamata, kowane mako za ta ƙaru da ɗan kaɗan, a hankali a hankali har ta fita.

Wato na tiya. Na dawo gida da farin ciki, don a karon farko na ji daɗin abin da aka riga aka sani. Sai dai yarinyar ba ta san da wannan ƙa'ida ba. Mako guda ta ƙaru har madam ta yi murmushi. Na gaba zawo ya kwashe abin da ta tara har da riba. Na gaba ta tsaya cik. Mun ba ta biskit ɗin a kan lokaci, Inna ta hana kowa lasa, mun tafasa ruwa, mun yi duk abin da aka ce. Allurar kilon dai tana yin abin da ta ga dama.

Ban san ranar da abin ya fara haɗe mini ba. Da azahar nakan kwantar da yarinyar a cinyata a gindin bedi ina wasa, ita kuma hasken gilashin take bi da ido, shi ne kaɗai abin da na ga yana sa ta juya kai. Zafi ya yi zafi, barci ya fara fizgata, sai in ga mai bakar nan tana tafiya a tsakanin duwatsun Birni, ciyawa har gwiwarta, da goyo a bayanta. Ko in ga matan layin famfo kowace da ɗan allonta a saman kai, jini kaza, tauri kaza, jarkokinsu kuma cike da ruwan kogin wasan. In farka in tarar da akwatin a ƙirjina yana ta kiɗa shi kaɗai, yarinyar na barci da bakinta a buɗe. A haka har na ƙulla wata yarjejeniya da ba wanda ya sa mini hannu: in mai baka ta samu hawa mai kyau ana gobe awo, to allura za ta hau.

Na san shirme ne. Na yi karatu har lisai, babbar sakandare, na san ba abin da ya haɗa pil da hanjin jariri. Amma duk ranar jajiberin awo ina nan ina kashewa ina kunnawa, ina sake yaƙi ɗaya har na haddace inda kowane maƙiyi zai taka. Mai bakar ta samu sauri kaɗai, in kashe. Ta samu saiti da sauri, in kashe, ni jini nake nema da ƙarfi. Yaya ya lura pil na ƙarewa da wuri, ya zo zai yi faɗa, ya dubi fuskata ya dubi yarinyar, sai ya zauna a bakin tabarmar.

"Kin san wani abu a na tiya?" ya ce. "In soja ya hau mataki kika ga bai samu komai ba, ba a banza ya tafi ba. Ƴan ɓurɓushi ne ke taruwa a ƙasa inda ba kya gani. In sun cika sai ɗaya ya fito."

"To in an rubuta masa kaɗan tun farko fa?"

"Sai ya samu kaɗan ɗin. Amma zai samu."

"Mai ƙarfi ne tiya ke yi wa rana," na ce. "Wanda aka haifa ba shi da komai, in ba sa'a ba me zai fisshe shi?"

"Sa'ar ce kuma ke kashe shi," in ji shi. Ya tashi ya ciro pil ɗin rediyonsa ya ajiye mini a kan tabarma.

Duk wannan abin da ake, taubashiyata ba ta taɓa tambayata yadda awo ya kasance ba. In dawo da rana tsaka, gumi har idon sawu, in tarar da ita tana daka ko tana wanke-wanke, ta ɗago ta ce, "Ƴar lakwal, an dawo? Sannu da rana." Shi ke nan. Inna ce ke tambaya, ita kuwa ta ci gaba da abin da take yi kamar ana labarin akuyar maƙwabta. Na san al'ada ce, a cikinta na tashi, amma abin yana ci mini rai. Ni ina hana kaina barcin rana a kan ƴar wani, mai ƴar tana tankaɗe tana ƴar waƙa.

Sai makon da madaurin ya shiga ja sosai. Madam ta auna sau biyu, ta ce in mako mai zuwa allura ba ta motsa ba, kwantar da yarinyar za a yi a likita. A jajiberin ranar kuwa mai bakata ta samu abu huɗu a hawa ɗaya, har da jini. Na taho gida ina jin kamar an yaudare ni. Na tarar Inna ta fita unguwa, taubashiyata na tsince wake. Ta ce, "Sannu da rana." Na kwance goyon na dire mata a gabanta, na ce abin da ya zo bakina.

"Ke wace irin uwa ce? Ko kaza tana waiwayar ƴaƴanta. Gwaggon taki ba ta nan, ba wanda ke ganinki, ki buɗe baki ki tambaye ni mana! Tana mutuwa ne, kin ji ko ba ki ji ba?"

Ba ta ɗago ba. Ta ɗauke wata ƴar tsakuwa daga cikin waken ta yar, ta ce a hankali, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi." Sannan ta ɗauki yarinyar ta zagaya bayan ɗaki inda muke wanka.

Na zauna ina huci har zuciyata ta ɗan sauka. Da na ga sun daɗe sai na bi su, da niyyar in ƙara mata wata. Na leƙa ta gefen zana. Tana durƙushe, ta kwantar da yarinyar a kan cinyoyinta tsirara, ta sunkuya kamar mai cizonta a ciki. Akwai wani baƙin zare da aka ɗaura wa yarinyar a ƙugu tun ranar suna, da ƴan duwatsu farare guda biyu, irin wanda ake ɗaura wa kowane jariri. Kullum ina ganinsa ban taɓa kula ba. Shi take kwancewa da haƙori. Ta kwance, ta ja shi ya zauna daidai jikin, ta sake ƙullawa, ta gatse bakin da ya yi saura ta tofar a rariya. Sannan ta zura ɗan yatsanta a ƙarƙashinsa ta gwada, ta gyaɗa kai.

Ta juyo ta gan ni.

"Kullum da safe nake gwadawa," ta ce. "A da, yatsa ɗaya ne yake shiga. Ran nan biyu suka shiga. Yau da kuka fita na san abin da za a ce miki, don jiya har ya fara zamewa kan cinya." Ta shafa zaren. "In na rage shi sai in gan shi daidai. Sai in samu in yi barci."

"Sau nawa kika rage?"

"Ban ƙirga ba. Kada ki faɗa wa Gwaggo."

Na tsuguna kusa da ita a kan jiƙaƙƙen dutsen wankan. Kunya ta kama ni, tausayi kuma ya fi kunyar yawa. Na so in gaya mata ni ma ina da nawa maguɗin, amma ta yaya zan fara yi wa matar da ta ci anza bayanin mai baka? Sai kawai na ce, "Baƙauya." Ta ce, "Mai hannun auduga." Muka wanke yarinyar tare da ɗan ruwan da ya rage a buta.

Ba a kwantar da ita ba. Mako na gaba allura ta motsa da abin da bai kai a faɗa ba, madam ta ce a ƙara mata mako guda. Daga nan ta hau, ta sauka, ta tsaya, ta yi wani tsalle da ya ba kowa mamaki, ta sake tsayawa. Ba ta taɓa bin hanyar da aka zana mata ba ko sau ɗaya. Ni ma ban daina kashewa da kunnawa ba, kada in yi ƙarya. Mai bakata ta zama wata irin halitta, sauri kamar iska, ba mai iya taɓa ta, amma ƙarfinta har lokacin na yara ne. Ban ga ƙarshen wasan ba. Ruwa na sauka sosai, Yaya ya ce zaman ya ishe shi, ya sake ɗaukar hanyar arewa, ya tafi da akwatinsa a aljihu.

Wata safiya, gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin gari, ina shanya a tsakar gida, taubashiyata ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallon wani wuri daban.

"Kina da reza?"

"Me za ki yi da ita?"

"Wannan ce. Abin ya ƙi kwantuwa."

Yarinyar na zaune a kan tabarma tana dukan murfin kwano. Na ɗaga rigarta. Zaren ya nutse a cikin fata, ko farce ba ya shiga, kuma ba bakin da za a kama a sassauta, don uwar ta gatse shi duka a waccan bazarar. Na ɗauko reza, ta riƙe mini yarinyar, na lallaɓa na tsinke shi. Ya bar wani siririn layi a zagaye da ƙugun, da ɗan nama ya tasa sama da ƙasa. Na buɗe baki na ce, "Ke, wallahi ta yi ƙi..." Tafin hannunta ya rufe mini baki, yana warin albasa.

"Tubarkalla ake cewa, ƴar lakwal."

"Tubarkalla," na ce ta cikin yatsunta.

Inna na bakin murhu, muna zaton hankalinta na kan koko. Sai ga ƙullin baƙin zare ya faɗo a kan tabarmar daga wajenta, sabo, ko warware shi ba a yi ba. Ba ta dube mu ba. Taubashiyata ta ɗauka, ta zura duwatsun nan biyu, ta zagaya ƙugun, ta ƙulla. Bakin zaren ya yi saura mai tsawo, ya kai kamu guda. Na miƙa reza zan yanke.

"Bar shi," ta ce. Ta naɗe sauran a jikin zaren, ta soke shi a gefe.

Daga nan Inna ta gyara zama a kan kujerarta, ta juya mana baya gaba ɗaya, fuskarta na kallon katanga. Kokon ya riga ya yi, ni da kaina na ga ta sauke shi, amma ta sa ludayi ta shiga juyawa. Taubashiyata ta dubi bayan gwaggonta, ta dube ni, na ɗauki bokitina na koma wajen igiyar shanya. Ta gefen wani zane na ga ta ɗauki yarinyar da hannu biyu, ta ɗaga ta sama tana jin nauyinta, ta sauke, ta sake ɗagawa. Sannan ta tusa fuskarta a wuyan yarinyar, kafaɗunta na girgiza. Inna ta yi ta juya kokon nan har ya huce.